Tarihin Shehu Laminu na Kukawa

Cikin manyan mutanen da suka yi zamani a ƙasashen nan namu na tsakanin Kwara da Tafkin Cadi, kaɗan ne suka kai Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda mu Hausawa mu ke kira Shehu Laminu. Shi ne ya tsamo daular Barno daga hallaka bayan babban birninta ya faɗi, shi ne ya gina Kukawa, shi ne kuma kakan Shehunan Barno da ke sarauta har yau. Amma abin da ya sa muka zaɓi mu ba da labarinsa a nan shi ne yadda ya zauna da maƙwabtansa. Gama mafi yawan wahalar da ya sha tun daga shekara ta 1808 har zuwa rasuwarsa a 1837, daga bakin iyaka ta fito: ko dai wani ɗan tawayen Barno ya ƙetare ya sami mafaka a ƙasar maƙwabci, ko kuwa wani korarren sarki na maƙwabci ya shigo inuwar Barno ya fake. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin tarihin Shehu.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi wajen shekara ta 1776 a ƙasar Fazzan, can cikin hamada, bisa hanyar ayari wadda ta tashi daga Barno zuwa Tarabulus. Yau ƙasar nan tana cikin Libiya. Ubansa, Malam Muhammadu Ninka, malami ne daga kabilar Kanembu, watau mutanen Kanem da ke arewa maso gabashin Tafkin Cadi, dalilin da ya sa ke nan a ke ce da ɗan al-Kanemi. Uwarsa kuwa 'yar wani attajiri ce, Balaraben Fazzan. Sabo da haka ya tashi yana da dangi a kowane gefe na hamada, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya, sa'ad da ya bukaci taimakon mutanen arewa.

Ya yi karatun Alkur'ani da na ilmi tun yana yaro, sa'an nan ya bi ubansa zuwa aikin Hajji. Uban ya rasu a Madina, shi kuwa ya zauna ƙasashen gabas shekaru da dama yana neman ilmi wurin malamai. Zaman nan ya sa ya ga yadda Musulmin waɗannan ƙasashe su ke, da kirkinsu da aibinsu, kuma za mu ga nan gaba yadda ya kafa hujja da abin da ya gani. Da ya komo sai ya sauka a Ngala, kudu da tafki, ya auri 'yar sarkin garin, ya zauna yana karantarwa. Almajirai suka taru gare shi, mafi yawansu Kanembu masu mashi da Larabawan Shuwa masu shanu da dawaki. A lokacin nan ba a san shi da kome ba sai karatu da addu'a.

Yadda wuta ta kama a yammacin Barno

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu duba yadda ƙasa ta ke a zamanin. Sarakunan Barno, waɗanda a ke kira Mai, daga gidan Saifawa su ke, kuma Musulmi ne tun ƙarni na 11. Babban birninsu Gazargamu ne, kusa da kogin Yobe, wanda Mai Ali Gaji ya gina wajen shekara ta 1470. Sarakunan Hausa da dama sun kasance suna aika wa Mai da gaisuwa, shi kuwa yana ɗaukarsu a kan suna ƙarƙashin inuwarsa.

A shekara ta 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jihadi ya tashi a Gobir, kafin a jima ya game ƙasar Hausa. Da sarakunan Katsina da Kano da Daura suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka kai kuka wurin Mai Ahmadu, ya aiko musu da gudummawa. Gudummawar nan ba ta hana su faɗuwa ba. Sarkin Kano Alwali ya gudu, aka cim masa a Burumburum aka kashe shi a 1807. Sarkin Daura Abdu ya fita daga birninsa da jama'arsa, ya shiga yawo a bakin ƙasashen da ke bin Barno. Ɗan Kasawa, na gidan sarautar Katsina, ya fake a ƙasar Damagaram, wadda ita ma Barno ta ke bi. Daga can ne daga baya ya je ya kafa mulkinsa a Maraɗi, inda shi da magadansa suka yi ta kai wa Katsina hari shekara da shekaru.

A ɗaya gefen kuwa, akwai Filani masu yawa zaune a yammacin Barno da kudancinta, talakawan Mai ne tun kaka da kakanni. Da labarin jihadi ya iso musu sai suka ɗaga kai. Akwai Arɗo Lerlima kusa da Nguru, da Umaru da ƙanensa Sambo a wajen Haɗeja, da Malam Ibrahim Zaki wanda daga baya ya gina Katagum, da Gwani Muhtar a ƙasar Deya, kudu da birni. Waɗansunsu suka aika suka karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu. Suka ci Galadiman Barno, mai tsaron yamma daga Nguru, hanyar birni ta buɗe.

To, ga inda gardama ta ke. A idon Mai Ahmadu mutanen nan 'yan tawaye ne, sun ci amanar sarkinsu, wani baƙo kuma daga nesa yana ba su tuta. A idon jama'ar Shehu kuwa Musulmi ne da aka matsa wa, wajibi ne a taimake su. Haka nan korarrun sarakunan Hausa: a wurin Mai baƙi ne da suka faɗo masa, abin kunya ne ya bashe su, a wurin jama'a kuwa abokan gaba ne da suka sami wurin wasa takobi. Mai Ahmadu ya rubuta wa Shehu Usmanu takarda yana tambayar dalilin da ya sa talakawansa suka tayar masa da sunan Shehu. Aka sa Muhammadu Bello ya ba da amsa. Ya bayyana dalilan jihadi, ya kuma nemi Mai ya daina taimakon sarakunan Hausa. Ba wanda ya saki nasa, sai yaƙi ya ci gaba.

Faɗuwar Gazargamu

A shekara ta 1808 Gwani Muhtar ya auka wa Birnin Gazargamu ya ci shi. Mai Ahmadu, wanda ya riga ya tsufa, idonsa kuma ya tafi, ya fita ta ƙofar gabas da sauran fadawansa, ya sauka daga sarauta ya naɗa ɗansa Dunama. Birnin da ya yi fiye da shekara 300 yana tsaye ya koma hannun waɗanda jiya su ke talakawansa.

Ana cikin wannan hali sai Mai Dunama ya ji labarin wani malami a Ngala wanda ya tara almajiransa ya kori wata ƙungiyar Filani da ta kawo hari wajen garin. Ya aika aka kirawo shi. An ruwaito cewa Malam Laminu ya shiga halwa kwanaki yana roƙon Allah, sa'an nan ya yi rubutu a jikin wata 'yar ƙwarya, ya ce a fasa ta a ƙasa sa'ad da runduna biyu suka fuskanci juna. Aka yi haka, mayaƙan Barno suka sami ƙarfin zuciya, suka shiga birni, aka kashe Gwani Muhtar. Mai ya yi wa malamin kyauta mai yawa, ya koma Ngala wurin littattafansa.

Amma ba a daɗe ba, a shekara ta 1809, sai ga Malam Zaki ya taso daga yamma ya sake cin birnin. Aka sake kiran Malam Laminu. Wannan karo bai yarda da kyautar shanu da bayi kaɗai ba, ya nemi a ba shi ƙasa inda zai zaunar da mutanensa, aka ba shi Ngurno, kusa da tafki. Gazargamu kuwa aka bar ta ta zama kufai, domin ta yi kusa da bakin iyaka ainun, ba a iya tsaronta. Tun daga ran nan ƙarfin Barno ya fara zamewa daga hannun Mai zuwa hannun malaminsa.

Yaƙin alƙalami

Abin da ya bambanta shi da sauran jarumawan zamaninsa shi ne bai dogara ga mashi kaɗai ba. Tun cikin 1808 ya rubuta wa shugabannin Filanin Barno yana tambayarsu hujjarsu. Da amsarsu ba ta gamsar da shi ba sai ya rubuta wa Shehu Usmanu da kansa. Takardu suka yi ta kai da kawowa tsakaninsa da Shehu da Bello har wajen shekara ta 1812.

Ga taƙaitaccen abin da ya kafa hujja da shi. Ya tambaya don me a ke yaƙar mutanen Barno, a ke kuma bautar da 'ya'yansu, alhali kuwa suna salla, suna ba da zakka, suna azumi, suna gina masallatai. Bai yi musun cewa akwai saɓo a Barno ba. Ya yarda akwai cin hanci a wurin masu hukunci, da cin dukiyar marayu, da fitar mata ba lulluɓi, da yanka da jahilai ke yi a waɗansu wurare da sunan sadaka. Amma ya ce saɓo dabam, kafirci dabam. Ya nuna cewa irin waɗannan laifuffuka suna nan a Masar da Sham da sauran biranen Musulunci, ba kuwa wani malami da ya taɓa kafirta mutanensu sabo da haka. Maganin jahili, a ganinsa, a karantar da shi ne, ba a ƙone garinsa ba. Ya kuma ce ya karanta littattafan Shehu ya same su daidai, sai dai aikin waɗansu masu riƙe da tutarsa a bakin iyaka ya saɓa wa abin da ke cikinsu.

Bello ya amsa masa dalla-dalla. Ya ambaci al'adun tsafi da aka ba shi labari ana yi a Barno, amma babbar hujjarsa ita ce Mai ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'a, ya kuma tsananta wa mabiyan Shehu da ke cikin ƙasarsa har suka yi hijira. A wurin Bello, wanda ya goyi bayan maƙiyan Musulmi a kan Musulmi, hukuncinsu ɗaya ne. In muka duba da kyau za mu ga ko da ya ke gardamar da harshen fikihu aka yi ta, gindinta tambaya ɗaya ce: wa ka ke ɓoyewa a ƙasarka, wa kuma ka ke ba makami a ƙasata? Ba wanda ya kayar da wani cikinsu. Amma ya kamata mu yaba wa Bello a kan abu guda: shi ne ya zuba takardun abokin gardamarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, har muka san abin da Shehu Laminu ya faɗa.

Kukawa da ramin Mai Dunama

Fadawan Barno ba su ji daɗin yadda baƙon malami ya ke ƙara ƙarfi ba, suka tuɓe Dunama suka naɗa baffansa Muhammadu Ngileruma. Shi kuwa Malam Laminu da ya ga sabon Mai ba ya yi da shi, sai ya zo da mayaƙansa ya tuɓe shi ya mai da Dunama. A shekara ta 1814 ya gina nasa gari, aka sa masa suna Kukawa sabo da itacen kuka da ke wurin. Ya kewaye kansa da amintattunsa, irin su Muhammadu Tirab da Ibrahim Wadaima da Ahmadu Gonimi, shugabannin Shuwa, da Alhaji Sudani abokinsa tun daga Fazzan. Bai taɓa kiran kansa Mai ba, Shehu kaɗai a ke ce da shi. Mai yana can garinsa da tambura da fadawa da manyan rawuna, amma hukunci da yaƙi suna Kukawa.

Mai Dunama ya ga ya zama sarki da suna kawai, sai ya yi abin da sarakunan da aka rage wa ƙarfi su kan yi, watau ya nemi taimako a ƙetaren iyaka. Ya aika wa Burgomanda, Sarkin Bagarmi, ƙasar da ke gabas da kogin Shari, wadda dā ta ke bin Barno, ya ce ya kawo yaƙi, in an fita daga sai su haɗu su kashe Shehu. Allah da ikonsa, takardar ta faɗa hannun Shehu. Bai ce kome ba, sai da aka sauka kusa da Ngala ya sauya wurin sansaninsa. Mayaƙan Bagarmi suka auka inda su ke tsammanin Shehu ya ke, ashe Mai ne a wurin, suka kashe abokin shirinsu. Wannan ya faru wajen shekara ta 1820. Gaskiyar Hausawa da suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Shehu ya naɗa Ibrahim, ƙanen Dunama, ya kuma sa aka yi masa hatimi na kansa mai ɗauke da shekara ta 1235 ta Hijira.

Bagarmi ta dame shi shekaru. In ya kai musu yaƙi sai su watse su shige kudu inda dawakinsa ba su iya binsu, in ya juya sai su komo. A nan ne dangin uwarsa suka yi masa rana, gama ya nemi taimakon Yusufu Karamanli, mai mulkin Tarabulus, aka aiko masa da mayaƙa masu bindiga daga Fazzan. A shekara ta 1824 ya yi wa Bagarmi mummunan kaye a Ngala, gabas ta lafa.

Mamman Manga da yaƙin Fake

A farkon shekarun 1820 akwai sulhu tsakanin Barno da Sakkwato, ayari yana tafiya Kano yana komowa. Shaidar wannan ita ce, sa'ad da Turawan Ingila uku, Manjo Danham da Kyaftin Kilafatan da Likita Udni, suka iso Kukawa a 1823 ta hanyar Tarabulus, Shehu ya ba Kilafatan, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdullahi, takardar gabatarwa zuwa ga Sarkin Musulmi Bello. Ya isa Sakkwato lafiya a 1824, ya kuma komo lafiya.

Amma akwai wata ƙaya da ba a cire ba. Gwani Muhtar ya bar ɗa, Muhammadu Manga, wanda a ke kira Mamman Manga. Ya gaji tutar ubansa da jama'arsa, bai kuwa manta da jinin uban ba. Shekara da shekaru yana kai hari cikin Barno. Da Shehu ya matsa masa sai ya yi yamma ya shige ƙasashen da ke bin Sakkwato, daga can ya ci gaba da abin da ya saba. Sarakunan bakin iyaka ba su iya korarsa ba, domin ɗan mai tuta ne, ɗan'uwansu ne kuma a jihadi. Shehu kuwa ba ya iya zura ido ana kwashe masa talakawa, mai kwasar kuma yana kwana lafiya a gidan maƙwabci.

Sabo da haka cikin ranin da ya haɗa ƙarshen 1826 da farkon 1827 Shehu ya ƙetare iyaka da babbar runduna. Sarkin Katagum Ɗan Kauwa ya fice daga garinsa, rundunar Barno ta yi ta kutsawa har ta shiga ƙasar Kano, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Dalilin da aka fi ambata a wajen Barno shi ne kama Mamman Manga. A Sakkwato kuwa ba wanda ya ɗauki abin haka, kowa ya tabbata Kano Shehu ya ke so, da kasuwarta da hanyoyinta. Haka al'amarin bin ɗan gudu ya ke kullum: mai bi ya san inda ya nufa, amma mai gida ba ya ganin kome sai dawakin baƙo a gonarsa.

Tsananin zargin da ke tsakanin ƙasashen biyu ya bayyana a kan Kilafatan. Ya sake zuwa a 1826, wannan karo ta bakin teku, ta Badagiri da ƙasar Yarabawa, yana ɗauke da takarda da kyautai daga hukumar Ingila zuwa ga Shehu, cikinsu har da makamai. Bello ya hana shi wucewa Barno, ya sa aka karɓe takardar da kayan, domin ba shi yiwuwa ya bar makami ya bi ta ƙasarsa zuwa hannun wanda ke yaƙarsa. Baturen ya zauna Sakkwato cikin baƙin ciki da ciwo har ya mutu a watan Afrilu na 1827.

Wanda ya tare Shehu shi ne Yakubu Sarkin Bauci, almajirin Shehu Usmanu, wanda shi ba Bafillace ba ne. Suka gamu a Fake, aka yi yaƙi mai tsanani, Shehu ya ja da baya ya bar kaya masu yawa, waɗansu aka aika da su Sakkwato don shaida. Ya koma Kukawa bai kama Mamman Manga ba, bai ci Kano ba, mutane masu yawa kuma sun hallaka a kowane gefe. Bai sake kai babban yaƙi ƙasar Hausa ba har ya rasu.

Shata iyaka

Abin da mashi ya kāsa, shawara ta yi shi. An ruwaito cewa Shehu ya aika wa Bello da takarda yana tuna masa addininsu ɗaya ne, bai kamata talakawansu su riƙa yaƙar juna ba. Ya kawo shawara a mai da ƙasar Bade, wadda ke tsakaninsu, ta zama iyaka: abin da ke gabas da ita na Barno, abin da ke yamma na Sakkwato. Muniyo da Damagaram da Daura su ci gaba da bin Barno, ita kuwa Barno ta bar da'awarta a kan Gobir da Katsina. Ba mu ɓoye cewa sulhun nan a kan wuyan Badawa aka ɗora shi ba, gama kowane gefe ya bar wa kansa damar kai musu hari, su kuwa ba wanda ya tambaye su. Duk da haka iyakar ta zauna kusan yadda aka faɗa: Haɗeja da Katagum suna bin Sakkwato, Gumel da Macina da Nguru suna bin Barno.

Bello kuma ya yi nasa. A shekara ta 1831 ya ba Mamman Manga garin Misau, da sarautar Sarkin Barno ta Gabas, wadda sarakunan Misau su ke riƙe da ita. Bai bashe shi ga abokin gabansa ba, bai kuwa bar shi yana yawo da tuta a bakin iyaka ba. Ya ba shi gari da ganuwa da talakawa, watau ya ba shi abin da zai ji tsoron rasawa in ya tsokano yaƙi. Mutumin da ya yi fiye da shekara 20 yana hana ƙasa biyu barci ya koma sarki mai gida, wanda a ke iya kira a tambaye shi.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Shehu Laminu ya rasu a Kukawa a shekara ta 1837, a can kuma aka binne shi. Cikin wannan shekara, bayan 'yan watanni, Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno. Waɗanda suka ga Shehu sun ce mutum ne mai sauƙin tufafi, mai kaifin hankali, mai son ilmi, amma mai tsanani ƙwarai wajen hukunci, musamman a kan laifin fasikanci, har waɗansu suka ga tsananin ya wuce kima. Ɗansa Umaru ya gaje shi.

Ciwon bakin iyaka bai mutu tare da su ba. A shekara ta 1846 Mai Ibrahim ya sake bin sawun wansa Dunama: ya kirawo Sarkin Wadai sa'ad da rundunar Barno ta tafi Damagaram. Wadai ta rushe Kukawa, Shehu Umaru ya kashe Ibrahim, aka kuma kashe ɗansa Ali a fagen fama, gidan Saifawa ya ƙare ke nan. Bayan 'yan shekaru sai abin ya juya. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari Sarkin Haɗeja, Buhari ya fake a ƙasar da ke bin Barno, ya sami gudummawa a can, ya komo ya ƙwace garinsa, ya yi ta ɓarna a gabashin Kano har ya mutu a 1863. Jiya Barno ke kukan ɗan tawayenta yana kwana a ƙasar Sakkwato, yau Sakkwato ke irin wannan kuka.

Ƙasar da Shehu ya yi ta kai da kawowa a cikinta yanzu ta rabu tsakanin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, bisa iyakokin da Turawa suka shata daga baya. Amma tafki da daji ba su san iyaka ba. A shekara ta 2015 sai da ƙasashen nan suka sake shirya rundunar haɗin gwiwa, mai babban zango a Njamena, sabo da 'yan Boko Haram da ke kai hari a wannan ƙasa su fake a waccan.

A makarantar nan akwai 'yan Barno, akwai 'yan Sakkwato da Kano da Bauci, kowa ya taso da labarin da aka ba shi a gida. Wani an gaya masa Shehu Laminu shi ne ya tare hanyar jihadi, wani kuwa an gaya masa shi ne ya ceci Musulmin Barno daga zalunci. Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara mu karantar da su tarihin nan, ya kamata kuwa mu ba su shi cikakke. Mu gaya musu malamai biyu ne masu tsoron Allah, kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma ya ɓoye wanda ɗayan ke nema. Mu gaya musu Shehu ya fi samun biyan bukata ran da ya ɗauki alƙalami bisa ga ran da ya bi ɗan gudu har ƙasar Kano, Bello kuma ya kashe wutar ne ran da ya zaunar da baƙonsa wuri ɗaya ya ɗauki alhakinsa. Maƙwabta ba su zama lafiya muddin ɗayansu yana kiwon abin da zai ciji ɗayan.

Allah ya ji ƙan Shehu Laminu da Sarkin Musulmi Bello, ya gafarta musu kurakuransu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, amin.